Rariyar da Ta Tace Muryata

Litinin, 6 ga Oktoba, hutun cin abincin rana

Mai farar riga, likitan nan na hawa na uku a asibiti, ya ce in rage magana, abin da ya cika mini ciki in zuba shi a takarda. Ni Kuwahara Shigeo, da na shekara talatin da ɗoriya ina sayar da kwalayen zuba abinci ta waya, ni ake ce wa in rage magana. Matata Tomie ta sayo littafin nan a kantin tasha, ta cusa mini a jaka tare da abincina, ko shawara ba ta yi da ni ba. To ga shi ina rubutawa.

Yau mutum biyu suka kashe mini waya. Mai alawar shinkafa na Sakai ya yi ta "Alo? Alo?" ina ta amsa masa, har na ji ya ce wa matarsa layin kamfanin Tsujimoto ya lalace. Layi lafiyarsa lau. Rariya ce.

Rariya nake kiran abin kunnen nan da suka rataya mana tun watan Afrilu. Mu duka ɗaki ɗaya muke, tebur manne da tebur, kowa na waya, injin buga takardu na ta kuka, Shugaba Nishiwaki yana can kan gaba yana kallonmu. Wani ya kai ƙara sama cewa abokan ciniki ba sa jin komai sai hayaniya. Da aka ce hayaniya kowa ya san wa ake nufi, don ni tun ina saurayi ba a taɓa cewa in maimaita magana ba. Sai aka kawo na'ura. Kowa ya shiga ɗakin taro ya karanta mata gaisuwar kamfani, ta haddace muryarsa. Daga ranar, muryarka kaɗai take bari ta isa ga wanda ka kira, sauran duk ta zubar. Ta yi watanni tana aiki sumul. Yanzu ta fara zubar da ni.

Na ce wa Odagiri, matar da teburinta ke fuskantar nawa, mura ce.

Laraba, 8 ga Oktoba, a jirgin komawa gida

A taron safe ni ke ba da baki tun zamanin tsohon mai kamfani. Kowa a tsaye, in ɗaga murya in ce, "Mun gode da hulɗar da kuke yi da mu kullum!" su amsa, mu rusuna tare. Yau na kai "hulɗar" sai iska kawai ta fito. Duk ɗakin suka duƙufa kallon takalmansu.

Nishiwaki ya ce, "Kuwahara-san, a ɗan hutar da maƙogwaro. Murar bana ba ta da kirki. Odagiri-san, ki ba da baki."

Mutumin da ni na koya masa yadda ake gaisuwa a waya, lokacin ko ɗaura laktaye bai iya ba.

Da na dawo daga cin abinci na tarar da alawar maƙogwaro a kan teburina. Ba suna, ba wanda ya ɗago kai. Na jefa ta a aljihun tebur.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da yamma

Ranar Hamaguchi ce. Tsohuwa ce mai shagon kifin daka a Shingu, can ƙarshen ƙasa inda jirgi ke gajiya kafin ya isa. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ita ma ba ta taɓa ganin tawa ba. Kowace Juma'a da safe takan turo odarta ta faks, injin nan mai aika takarda ta layin waya, da rubutun nan nata mai kama da tonon kaji, ni kuma da rana in kira ta in karanta mata abin da na gane, layi layi, har ta ce daidai ne. Haka muke tun mijinta na da rai. Lasifika take kirana.

"Lasifika, kai ne? Yau me ya sami layinku, rabinka nake ji."

"Rabin ma ai ya ishe ki, uwar ɗakina."

"Me ka ce?"

"Na ce rabin..."

"Kai, ka sake ɓacewa. Da can ina ɗaga waya nake jin kasuwarku, wannan na ihu, wancan na dariya, in san kamfani na da rai. Yanzu kamar daga cikin firji kake kirana. Ba ni mutum mai baki."

Na miƙa wa Odagiri. Ta karanta odar da muryarta mai santsi, cikin minti ɗaya ta gama. Ban ce mata na gode ba, kuma ba na jin zan ce.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Na je can, asibiti. Sun ɗebi abin da za su ɗiba a maƙogwarona don gwaji. A dawo mako mai zuwa. A ofis na ce haƙori na je cirewa.

Alhamis, 16 ga Oktoba, hutun rana

Odagiri ce ta kawo shawarar. Ta leƙo ta saman kwamfutarta ta ce, "Kuwahara-san, tunda murar ta canza maka murya, me zai hana ka sake karanta wa na'urar gaisuwa? Ta haddace ta yanzu."

Na shiga ɗakin taro ni kaɗai, na ja ƙofa. Ba kowa, ko agogon bango ba ya ƙara. Na sa abin kunne, na gyara tsayuwa, na karanta gaisuwar kamfani tun daga farko har ƙarshe, har da rusunawa. Allon kwamfutar ya ɗan yi tunani, sannan ya rubuto: ba a gano muryar mutum ba, hayaniya ta yi yawa, a nemi wuri mai shiru.

Na sake. Na sake. Amsa ɗaya.

Na zauna a kujerar baƙi na daɗe. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, ba don ta yi mini ƙarya ba, sai don duk ginin nan ita kaɗai ce ta faɗa mini abin da ta ji. Da na fito Odagiri ta ce yaya, na ce na'urar tana son gyara.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan karin kumallo

Tomie ta dafa mini kunun shinkafa kamar jariri. Ta zauna gabana ta ajiye wayarta a kan tebur, fuskar wayar a ƙasa, wai ban gani ba.

"Baban Miho, ba ni labarin ranar da ka faɗa kogi a gaban babana."

"Kashe abin nan."

"Wane abu?"

"Tomie, ba yau na san ki ba. Kashe."

Ta kashe. Ta ce wai don jikoki ne. Na ce ba wannan muryar zan bar wa kowa ba, wannan ta ƙofar da ta yi tsatsa. Ta ce to ina waccan ɗin, a ina aka ajiye ta? Na ci gaba da shan kununa. Shekara talatin ina surutu daga safe har yamma, ba inda aka ɗauki ko kalma ɗaya. A faifan bikin 'yarmu Miho ma ni na riƙe kyamara.

Ta ce in gaya wa Miho. Na ce bari a ji abin da za su ce tukuna. Ta ce in gaya wa ofis. Na kunna talabijin.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Nishiwaki ya kira ni gefen taga, ya yi ƙasa da murya. Wai ƙorafi ya yi yawa cewa layina na yankewa, don haka, na ɗan lokaci kawai, Odagiri za ta riƙe mini mutanena. Ni kuma in taimaka da tattara odar da ke shigowa ta faks.

Na ce, "Shugaba, ba sai a kashe rariyar a tawa wayar ba?"

Ya ja iska ta tsakanin haƙora. "Kai, wannan da wuya. Daga hedkwata aka saita ta, hawan nan gaba ɗaya. Sai dai in akwai wani dalili na musamman da zan kai musu." Ya dube ni, ya kau da kai. "Akwai wani dalili ne, Kuwahara-san?"

Na ce, "Mura ce."

Ya ce, "Haka ne. Murar bana." Har wata ajiyar zuciya ya yi, ta mutumin da ya tsallake rami.

Yanzu kujerata na kusa da injin faks, tsakanin kwandon shara da tukunyar fulawar roba. Takarda ta fito in ɗauka, in buga mata hatimi, in kai wa mai ita. Aikin da biri zai iya.

Laraba, 22 ga Oktoba, hutun rana

Alawa ta bi ni har sabon wuri. Aljihun tebur ya kusa cika. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Alhamis, 23 ga Oktoba, a bencin tashar bas

Mai farar riga ya zana mini hoton maƙogwaro a takarda, ya ja layi da jan alƙalami, daga nan zuwa nan. Tiyata, huɗu ga Nuwamba. Tomie ta riƙa yi masa tambayoyi tana rubutawa, ni ina kallon takalmansa, irin na roba masu huji-huji. Na tambaye shi abu ɗaya tak: bayan nan fa? Ya ce akwai hanyoyi yanzu, akwai horo, akwai ma wata na'ura da ake kangawa a wuya.

Na'ura kuma.

Ya ce in akwai waɗanda nake son yin magana da su, makon nan da na gaba lokaci ne mai kyau. Tomie ta ɗauka Miho zan ambata. Miho za ta zo, za ta ga fuskata, ta san ni da ido. Tsohuwar Shingu ba ta da komai nawa sai abin da za a cire.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Ni na ɗauki odar Hamaguchi daga bakin injin, na buga hatimi, na kai wa Odagiri da hannuna. Da rana ta kira ta. Ina tsaye a gefenta da wasu takardu, na ji ta ce, "Kuwahara? Ayya, ki yi haƙuri, ya ɗan tashi daga kujerarsa."

Ya ɗan tashi daga kujerarsa. Ni ma na faɗi wannan ƙaryar sau dubu a madadin wasu, ban san haka take da ɗaci ba in kana tsaye ana yin ta a kanka.

Na fita matakala na kira shagon da wayata ta aljihu, abin da dokar kamfani ta hana. Ta yi ƙara ɗaya ta yanke. Sai na tuna: tun da 'yan damfara suka kusa wanke ta bara, ɗanta ya saita wayar shagon ba ta karɓar kowace lamba sai wadda ya shigar da hannunsa. Lambar kamfani na ciki, tawa babu. Ta lambar kamfani rariya ba ta bari na wuce, ta tawa lambar ɗanta ba ya bari.

Zuwa Shingu da dawowa yini ne cur, gobe kuma da duk ranakun hutun da suka rage an cika mini su da gwaje-gwaje. In ma na je, wa za ta gani? Wani tsoho mai sanƙo da ba ta sani ba, yana huci a bakin shagonta.

Litinin, 27 ga Oktoba, hutun rana

Na gaya wa Nishiwaki zan tafi dogon hutu daga ƙarshen wata, uzurin gida. Bai tambayi wane uzuri ba. Ya ce in kula da kaina.

Na ce ina son in yi wa mutanena sallama da bakina, kamar yadda ake yi. Duk wanda ya bar kujera a kamfanin nan sai ya kira abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya ya gode musu, ya damƙa su ga magajinsa. Ya ce ai yanzu an sauƙaƙa, akwai kati da ake bugawa, sunana kawai za a sa a ƙasa. Kar in wahalar da maƙogwaro.

Na roƙe shi abu na biyu, kuma na ji kunyar roƙon: gaisuwar nan da na karanta wa na'ura a watan Afrilu, ko za a iya ba ni ita a faifai. Ya aika wa masu na'urar tambaya. Amsa ta dawo kafin la'asar. Ba sa ajiye sauti, don kare sirrin ma'aikata. Abin da ke ciki lambobi ne kawai, ba a iya saurara.

Ke nan tana can ciki ta san yadda nake a da, har tana korata don ban yi kama da shi ba, amma ba za ta iya maimaita mini ko "mun gode" ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Odagiri ta same ni a wurin haɗa shayi. Ta daɗe tana wanke kofin da ba shi da datti.

"Kuwahara-san, ni ce na kai ƙarar nan."

"Na sani."

"Shekara tara ina waya da yatsa a kunne ɗaya. Akwai ranar da mutumina ya rubuta farashin da ya ji kana faɗa wa naka. Nakan koma gida kaina na sarawa kullum. Ban yi zaton..."

"Ai kin samu shirun da kike so."

Ta ajiye kofin ta fita. Magana ce mai ƙyama, kuma na ji daɗin faɗinta. Abin haushin shi ne sai da na faɗa sau biyu kafin ta ji.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Saura gobe. Katin sallama ya iso daga wurin bugawa. Takarda mai kyau.

Juma'a, 31 ga Oktoba, a jirgin komawa gida

Odar Hamaguchi ta shigo da safe kamar kullum. Ina jan takardar sai gwiwar hannuna ta ture wani abu a gefen injin. Kan waya ne, mai igiya murɗaɗɗiya, ƙura ta yi masa riga. Mako biyu ina zaune kusa da shi ban lura ba. Na kanga a kunne, na ji layi yana kuka. Injin faks ba ya bi ta kwamfuta, ba ruwansa da rariya. Lambarsa kuwa dole ɗanta ya shigar, tunda ta nan muke tura mata rasit.

Ban kai wa Odagiri odar ba. Na riƙe ta a cinyata har bayan cin abinci.

Ƙarshen wata ne, ofis ya kacame. Kowa na waya, injin buga takardu bai huta ba, masu kawo kaya na shige da fice. Na miƙe tsaye, don ban taɓa kiran abokin ciniki na sallama a zaune ba, na danna lambar da ka.

"Shagon Hamaguchi."

Na fara gaisuwar.

"Alo? Wane ne? Kasuwa kawai nake ji. Ɗaga murya!"

Na ɗaga iya abin da ya rage. Na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Ta ce, "Ba na ji, zan ajiye." Na ce a raina, to shi ke nan, hayaniyar da na yi shekaru ina shugabanta ita ce za ta binne ni.

Sai na ji Odagiri a bayana ta ce wa wanda take waya da shi, "Ka yi haƙuri, zan sake kiranka yanzu." Na kusa da ita ma ya faɗi haka. Injin buga takardu ya tsaya a tsakiyar shafi, na waiga, Nishiwaki ne tsaye da yatsa a kan maɓalli yana karanta kalandar bango. Ɗaya bayan ɗaya suka cire abin kunne suka ajiye. Ba wanda ya dube ni. Kowa ya ƙura wa allonsa ido, hannu a cinya.

"Af," in ji tsohuwar. "Shiru haka? Tsujimoto ya rushe ne?"

"Mun gode da hulɗar da kike yi da mu kullum. Kuwahara ne."

Ta ce, "Lasifika?"

"Ni ne, uwar ɗakina."

"Wa ya taka maka wuya? Mura ce?"

Duk ɗakin na saurare, har ƙarar fitilar sama ina ji. Na ce, "A'a. Ba mura ba ce."

Na ji ta ja kujera ta zauna. Ba ta tambaye ni mece ce ba. Ta ce, "Odata na hannunka?" Na ce tana hannuna. Ta ce, "Yarinyar nan sauri take yi kamar ana korarta. Karanta mini. A hankali, ba inda za ni."

Na karanta. Kwali mai murfi, matsakaici. Ganyen shimfiɗa. Takardar naɗi, ta kaka, mai jan ganye. Robar ɗauri. Inda murya ta ɗauke sai in tsaya in haɗiyi yawu, ita kuma ta jira, ba ta ƙarasa mini ko kalma ɗaya ba. Da na kai ƙasa na ce mata zan bar kujerar, Odagiri za ta riƙe ta, mutuniyar kirki ce, na gode da shekarun nan duka.

Ta ce, "Daidai ne. Ban taɓa samun kwalin da ban nema ba." Sai muryarta ta canza. "Lasifika, na ji ka. Duka na ji."

Na rusuna wa injin faks har goshina ya kusa taɓa shi. Na jira ta fara ajiyewa.

Ina mayar da kan wayar sai injin buga takardu ya ci gaba, kowa ya maida abin kunnensa, "Ka yi haƙuri da jira," "Ina muka tsaya?" Kamar ba a yi ba. Ashe sun iya shiru. Ashe kuma sun sani, tun yaushe oho, suka bar ni ina ta ce musu mura, su kuma suna ta saya mini alawa. Ya kamata in gode musu, na san haka. Abin da na ji shi ne kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa, kowa kuma ya rufe ido don ladabi.

Da aka tashi Nishiwaki ya raka ni har bakin lif, ya rusuna ƙasa sosai. Ya ce, "Sannu da aiki, Kuwahara-san. A kula da murar nan."

Alawar na bar musu ita a aljihun tebur.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Ma'aikatan asibiti sun kawo mini farin allo da alƙalaminsa, wai na bayan an fito daga tiyata. Tomie ta juya shi a hannu ta ce, "To, yau dai zan fara jin abin da ake faɗa a talabijin." Na buɗe baki zan rama, ta ɗora mini yatsa a leɓe ta ce in ajiye, kar in ɓata a kanta. Sannan ta ce za ta je ta sayo shayi.

Injin shayin yana nan bakin ƙofa, ina hango shi daga gado. Ba ta tsaya a wurinsa ba.